5W-30 ko 20W-50: wanne ya dace da Corolla a zafin Birnin Kebbi?

Ɗan'uwa, ka ce murfin zuba baƙin mai na Corolla ɗinka ta 2006 an rubuta 5W-30, amma bakanike ya ce a zafin Birnin Kebbi sai 20W-50, wai mai tsinkakke ruwa ne. Ga yadda nake kallon biyun.

Lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudana lokacin da injin yake a sanyaye, ta biyu kuma kaurinsa a maki 100 na zafi; in lamba ta fi girma, man ya fi kauri. To injin da ya ɗau hanya, zafinsa yana wajen maki 90 zuwa 100, ko a Afrilu ne ko a tsakiyar hunturu, domin lagireto da fanka ne ke riƙe shi. Ranar Kebbi ba ta sauya wannan lissafin sosai ba.

5W-30 yana isa saman injin da wuri in ka tayar da safe, kuma a wannan ɗan lokacin ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Injin motarka yana da VVT-i, tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, wanda da matsin mai yake aiki, ta wasu ƙananan hanyoyi da wata 'yar raga mai saurin toshewa. Mai kauri yana bin su da ƙyar kafin ya yi zafi. Sannan yana ƙara shan fetur, ko da kaɗan ne, kuma a tsadar yau kaɗan ɗin ma kuɗi ne.

Shi 20W-50 ba mugun mai ba ne. Tsohuwar Fijo 504 ko Golf ɗin haya da ta gaji da zirga-zirgar Jega da Argungu, ringi ya saki, tana shan mai, tana fitar da shuɗin hayaƙi, ita ya dace da ita. Kaurin yana cike giɓin da lalacewa ta buɗe, yana ɗaga matsin mai. Sai dai rufa asiri yake yi, ba gyara ba. A kansa yawancin masu gyaranmu suka koyi aiki, shi ya sa suke ba kowa shi.

In injinka ba ya shan mai, ka tsaya kan abin da murfi ya ce. In ya fara ragewa tsakanin juye da juye, ka gwada 10W-40 tukuna.

Ka kuma juya bayan galan ka nemi alamar API, wato haruffan da ke nuna matakin ingancin man. S na fetur ne, C na dizal. SL ta 2001 ce, SN ta 2010, SP ta 2020, kuma sabuwa tana maye gurbin tsohuwa a injin fetur. Man da ake aunawa a kwalba a bakin tasha ba shi da ko ɗaya, ka bar shi. Da ƙurar hunturu ni ba na wuce kilomita 5,000 ban yi juye ba, tare da sauya filta.