Wasiƙa daga Boston: ɗigon jini da sefsis

Yaya, gaisuwa mai yawa. Ina fata ke da yara da mutanen Kumo duk kuna lafiya.

Kin tambaye ni ko da gaske asibitocin nan sun fi namu. Zan tsaya a kan abin da ya shafi aikinki na ungozoma, wato sefsis: ƙwayar cuta ta kama jiki, garkuwar jiki ta tashi yaƙi har ta wuce gona da iri, ta shiga lalata ƙoda da huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 ya kashe mutum miliyan 11, kuma jarirai da masu jego suna cikin waɗanda ya fi ɗauka.

Can gida ana ɗibar jini a kwalba, a jira kwana biyu ko uku kafin ƙwayar ta bayyana. Nan ma ana yin haka, sai dai ba a zauna ana jira ba. Akwai 'yar na'urar hannu, i-STAT, da ake ɗiga wa jini ɗigo biyu ko uku a wani ƙaramin kati, jinin ya bi siraran hanyoyi da ke ciki, cikin 'yan mintuna ta nuna yawan laktet, wani sinadari a jini wanda hauhawarsa alama ce gaɓoɓi sun fara rasa iska. Kamar gwajin maleriya na kemis ɗin nan, amma da zurfi. A 2019 masu bincike a jami'ar MIT da ke nan kusa da Boston suka fito da wata na'ura mai auna IL-6, sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan garkuwar jiki ta tashi yaƙi, cikin kusan minti 25 da jinin da bai kai ɗigo ba. A ƙarshen 2022 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da wani gwajin sefsis, IntelliSep, mai duba yadda fararen ƙwayoyin jini suka canza, sakamako ƙasa da minti 10.

Ƙanƙantar jinin ce ta fi taɓa ni. Kin san wahalar neman jijiya a hannun jaririn kwana uku.

Amma Yaya, akwai tsada. Kati ɗaya gwaji ɗaya ne, a jefar, kuma da dala ake sayensa. Na i-STAT a firji ake ajiye shi, ga kuma halin wutarmu. Ni a ganina, wanda zai amfane mu shi ne mai araha da zai jure zafin Gombe a watan Afrilu.

Kafin nan, don Allah, mai jego da zazzaɓi ya rufe, ko jaririn da ya ƙi nono yana numfashi da sauri, kada a ce maleriya ce a bar su su kwana. A wuce da su Gombe nan take.

A gaishe min da Inna.

Ƙanwarki