Jakar goyo mai raga a baya: ta yi mini rana a Nagelfluh, amma da sauran magana

Duk wanda ke shirin hawan tsaunukan Alps a watan Yuni, jaka ce abu na biyu da zai kashe wa kuɗi bayan takalmi. Tawa mai cin lita 34 ce, ƙirar wani kamfanin Jamus, na saye ta a wani shagon kayan hawan dutse a Munik kan Yuro 150 da 'yan kai. Tsada kam akwai. Sai dai mai shagon bai bar ni na zaɓa da ido ba: ya auna tsawon bayana daga ƙashin wuya zuwa saman ƙugu, ya cusa buhunan yashi a ciki, ya ce in hau benen shagon in sauko. Wannan aunawar kaɗai ta isa dalilin da zai hana mutum saye ta intanet.

Inda ta sha gwaji na gaske shi ne jerin tsaunukan Nagelfluh da ke yankin Allgäu, kudancin Jamus. Jirgin ƙasa zai sauke ka a Oberstaufen, bas ta kai ka gindin Hochgrat, mai tsayin mita 1,834, wanda ya fi kowane tsayi a jerin. Daga can sai ka bi doron tsaunin ka nufi gabas, ka hau Rindalphorn ka sauka, ka hau Stuiben ka sauka, har ka kai Mittag da ke saman garin Immenstadt. Tafiyar yini guda ce cur, kuma hawa da gangara ba sa ƙarewa.

Abin da ya ja ni ga jakar shi ne ragar da ke bayanta. An ɗaure ragar tamau a jikin wasu lanƙwasassun ƙarafa, ta yadda cikin jakar ba ya taɓa bayanka, iska na ratsawa tsakani. Ni mutum ne mai yawan gumi, kuma a kan dutse gumi ba wasa ba ne. Duk mita dubu da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6, ga iska a saman doro ba abin da ke tare ta. Idan rigarka ta jiƙe sharkaf a hawa, da ka tsaya shan ruwa sai sanyi ya kama ka har haƙora. Da wannan jakar na isa ƙololuwar Hochgrat bayana da ɗan danshi kawai. Abokin tafiyata, mai jakar da ke manne da baya, sai da ya tuɓe ya canza riga a nan.

Maɗaurin ƙugu ma ba laifi. Yana da faɗi da laushi, idan ka ja shi daidai a kan ƙashin ƙugu, nauyin duk ya sauka can, kafaɗu su huta. Kuma nauyi akwai shi, domin a kan doron nan ba rafi ba famfo, ruwan da ka ɗauko shi ne naka. Lita uku na ɗauka, na sha da na alwala, ga rigar sanyi, rigar ruwa, burodi da cukun Allgäu, da siririn buhun barcin da masaukan kan dutse ke wajabta wa mai kwana. Duk sun shige, amma da dabara: lanƙwasar ƙarafan ta cinye tsakiyar jakar, cikin ya zama sama da faɗi, ƙasa da faɗi, tsakiya a tsuke. Lita 34 ɗin da aka rubuta ba ta kai 34 a aikace ba.

Babbar matsalarta kuwa daga wannan ragar da na yaba ta fito. Tazarar da ke barin iska ta wuce ita ce kuma ke nesanta kaya daga jikinka. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za ka ji komai ba. Amma bayan Stuiben akwai wuraren da hanya ta matse, aka kafa igiyar ƙarfe a jikin dutse don riƙewa, kuma dutsen nan tsakuwa ce da ta dunƙule ta zama ɗaya, da ya ga raɓa sai santsi. A farkon Yuni ana iya tarar da ragowar dusar ƙanƙara a kwarurrukan da ke fuskantar arewa, tana narkewa tana jiƙa hanya. A irin wurin nan, duk juyawar da na yi sai in ji jakar ta biyo baya da nata ra'ayin. Uwar da goyonta ya yi sako-sako ta san abin da nake nufi. A tsanin ƙarfe mai tsawon kusan mita 17 na Steineberg, ƙololuwar da ke tsakanin Stuiben da Mittag, sai da na tsaya a sama na ja kowane maɗauri iya ƙarfina, na mayar da gorunan ruwa can ciki kusa da baya, sannan na fara sauka. Hakan ya rage jan, bai kawar da shi ba. Akwai hanyar zagaye ga wanda ba ya son tsanin, kuma ba abin kunya ba ne.

Aljihunan gefe sun yi baya da yawa, hannuna ba ya kaiwa sai na roƙi abokina ya miƙo mini gora. Na ƙugu kuwa dabino da makulli kawai yake ci, waya ba ta shiga. Rigar ruwan jakar tana ɓoye a wani ɗan aljihu a ƙasa, jan zif ɗaya ta fito. Hadarin la'asar da aka saba a tsaunukan nan lokacin bazara ya same mu dab da Mittag, kuma ko ɗigo bai taɓa kayana ba.

Idan hanyoyinka masu faɗi ne, irin na tsakanin makiyayan shanu da masaukai, kuma gumi na damunka, saye ta ba asara. Wanda ya nufi siraran doraye masu igiya da tsani, gara ya nemi mai mannewa da baya, ya saka ƙarin riga ɗaya a ciki don canzawa.