Gwajin cutar ƙwayoyin mast: wanne za ka fara biya, wanne za ka bari

Ƙanwata ta yi kusan shekara biyu tana fama da ciwon da aka kasa sa masa suna. Tana zaune lafiya lau sai fuskarta ta ɗau zafi kamar an kara mata garwashi, borin jini ya feso mata a wuya da hannuwa, ciki ya murɗa, gudawa ta biyo, zuciya na dukan uku-uku. Sau biyu tana suma. Bayan 'yan awoyi komai ya lafa, ta tashi ta ci gaba da aikinta. Ta sha maganin maleriya da taifot har ta gaji, an yi mata tofi, wasu a dangi suka ce iska ce. Sai da wani likita ya saurari labarin tun daga tushe muka fara jin maganar ƙwayoyin mast. Daga nan muka faɗa kasuwar gwaje-gwaje, kuma kuɗin farko da muka kashe a banza suka tafi.

Ƙwayoyin mast na cikin sojojin garkuwar jiki. Suna zaune a fata da hanji da hanyar numfashi da gefen jijiyoyin jini, kuma Bajamushe Paul Ehrlich ne ya fara bayyana su a 1878. Cike suke da sinadarai irin su histamin da tiriptes, da zarar an tsokane su sai su zazzage su cikin jiki. Matsalarsu ba iri ɗaya ba ce. Akwai mastosaitosis, inda ƙwayoyin suke yin yawa su taru a fata ko a ɓargo. Akwai MCAS, inda abin da ya fi damun mutum shi ne yawan fashewarsu lokaci zuwa lokaci. Akwai kuma wanda ya gaji yawan tiriptes daga iyayensa. Kowanne da gwajin da ke kama shi, shi ya sa wanda ya je ɗakin gwaji ya ce a yi masa "duka" zai dawo da takardu masu yawa ba tare da amsa ba.

Zaɓi na farko ma ba gwaji ba ne, likita ne. Idan akwai tabo masu launin ƙasa-ƙasa da suka daɗe a jiki, fara da likitan fata. Zai goga ɗaya a hankali ya ga ko zai kumbura ya yi ƙaiƙayi, alamar da ake kira da sunan likitan Faransa Darier, in ya ga dama kuma ya ɗebi ɗan ƙaramin yanki na fatar. Kada ka yi wannan gogawar da kanka, musamman ga yaro, domin tana iya tayar da ciwon. A baƙar fata jan da littattafai ke kwatantawa ba ya fitowa sosai, tabon ya fi kama da duhu-duhu, don haka likitan da ya saba duba fatarmu ya fi wanda za ka tura wa hoto a ƙasar waje. Idan babu tabo amma akwai suma, ko jini yana yin ƙasa, ko gwajin jini ya nuna wani abu, likitan jini ya fi dacewa. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da waɗannan sassan biyu. Layin ya fi tsawo, amma a nan ake da masu ɗibar ɓargo da masu karanta shi.

Kafin a kai ga masu tsada, akwai masu araha da bai kamata a tsallake ba: ƙidayar ƙwayoyin jini, aikin ƙoda da hanta, gwajin maƙoƙo, da na bayan gida saboda tsutsar ciki. Idan zafin fuska da gudawa ne suka fi yawa, ko jini yana hawa ba zato, likita zai nemi gwajin fitsari ko jini don kawar da wasu ƙari da ke kwaikwayon wannan ciwo. Ƙaiƙayin kulorokwin da yawancinmu muka sani shi ma daban yake.

Idan kuɗin gwaji ɗaya kawai kake da su, tiriptes za ka saya, amma ka sani sau biyu ake yin sa. Ana ɗibar jini ɗaya yayin da ciwon ya taso, cikin awa 4 da farawarsa, gwamma tsakanin awa 1 zuwa 2. Ana ɗibar na biyu bayan komai ya lafa da aƙalla awa 24. Ƙa'idar da masana suka amince da ita tun 2012 ita ce na lokacin ciwo ya haura na lokacin lafiya da kashi 20 cikin ɗari, a ƙara 2 a kai. Wanda nasa na lafiya 5 ne, sai na ciwo ya wuce 8. Wanda nasa 10 ne, sai ya wuce 14. A nan mutane da yawa ke yin asara. Mutum ya je ranar da yake garau, sakamako ya fito ƙasa da 11.4, wato iyakar da yawancin ɗakunan gwaji ke rubutawa, sai a ce masa ba shi da komai, alhali rabin gwajin aka yi. Dabarar ita ce likita ya rubuta maka takardar tun kafin ciwon ya zo, ka kuma yi magana da ɗakin gwaji mafi kusa da gidanka: za su ɗebi jini ko da dare ne, su tace ruwansa su sa a firiza? Ina suke aika shi? Duka biyun su tafi wuri ɗaya. Idan kuma numfashi ya sarƙe ko mutum ya faɗi, allurar adrenalin ce farko, ɗibar jini ta biyo baya.

Na lokacin lafiya shi ma yana da abin faɗa. Idan ya wuce 20, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga shi cikin ƙananan alamomin mastosaitosis na cikin jiki. Idan yana sama da 8 kullum, ana iya tunanin na gado, wanda masu bincike a Amurka suka gano a 2016 cewa ƙarin kwafin ƙwayar gado TPSAB1 ke jawo shi. Kusan mutum 1 cikin 20 na Turawa yana da shi, da yawansu lafiyarsu ƙalau. Ciwon ƙoda ma yana ɗaga tiriptes.

Gwajin fitsari na awa 24, mai neman ragowar histamin da wasu sinadaran da ƙwayoyin mast ke saki, wato furostagilandin da lukotarayin, ni a sahu na biyu nake sa shi. Yana taimakawa idan an kasa kama tiriptes a kan lokaci, sai dai dole fitsarin ya zauna a sanyi tun daga ɗigon farko har ya isa inda za a auna. Da zafin Afirilu da ɗaukewar wuta, sai ka tanadi kula da ƙanƙara, ka kuma tambayi yadda za a yi jigilarsa. Asfirin da ibufurofen suna rage furostagilandin, don haka ka gaya wa likita duk abin da kake sha. Histamin na cikin jini kuwa cikin mintuna yake ɓacewa, ban ga dalilin biyan kuɗinsa ba.

Sai babban zaɓi: gwajin KIT D816V a jini, ko ɗibar ɓargo. Wannan sauyin ƙwayar gado ana samunsa a sama da kashi 90 cikin ɗari na manya masu mastosaitosis na cikin jiki. Na jini ba shi da wahala, amma ka tabbatar irin PCR ne mai tsananin ganowa, wato gwajin da ke ninka ƙwayar gado har a iya ganinta, domin gwajin gado na gama-gari yakan wuce shi bai gani ba. Ko ya fito babu, bai rufe magana ba idan alamomi suna da ƙarfi. Ɓargo shi ne mai yanke hukunci, kuma ba kowa ke bukatarsa ba. Ya dace da babba mai irin tabon nan, da mai tiriptes sama da 20, da wanda ƙudan zuma ko rina ta harba ya suma ba tare da borin jini ya fito ba, da wanda ƙashinsa ke karyewa ba dalili. Yara galibi a fata abin ke tsayawa, kuma yakan ragu kafin su balaga. In za a yi, ka tambaya ko za a ciro ɗan guntun ƙashi, ba zuƙo ruwan ɓargo kaɗai ba, da kuma ko za a rina shi da rinin da ke fito da tiriptes da CD117 da CD25, wato alamomin da ake gane ƙwayoyin mast da su. Abin da ake nema curin ƙwayoyi 15 ko fiye ne, kuma ba tare da wannan rini ba yana iya ɓuya, a sha zafin allura a banza.

Kuɗinmu da suka salwanta a gwajin abinci na IgG suka tafi, wato gwajin wani sinadarin garkuwar jiki da ake cewa yana nuna abincin da jiki ba ya so. Wani ɗakin gwaji ya ba mu doguwar takarda da ta hana ƙanwata madara da ƙwai da alkama da wake, ta rame, ciwon kuma bai fasa zuwa ba. IgG yana nuna abin da mutum ya saba ci ne kawai. Haka na'urar nan da ake ba ka ƙarfe ka riƙe ta zayyano cututtukanka a kwamfuta, da gwajin gashi. Babu ɗayansu da ke ganin ƙwayoyin mast.

Samun sauƙi da magani mai tare aikin histamin irin setirizin da famotidin yana cikin sharuɗɗa uku na MCAS, tare da hawan tiriptes da ciwon da ke taɓa sassan jiki biyu ko fiye a lokaci guda. Shi kaɗai ba hujja ba ne, domin mai borin jini na yau da kullum ma yana jin daɗinsa. Deksa da furedinisolon na kemis kuwa suna rufe alamomi su bar wata illar, likita ne kaɗai zai ce a sha.

Abin da ya fi taimaka wa likitanmu littafin makaranta ne mai shafi 40. Ƙanwata tana rubuta ranar da ciwon ya zo, da abin da ta ci, da maganin da ta sha, da ko tana al'ada, da awon jininta, ni kuma ina ɗaukar hoton fatarta da waya a hasken rana kafin borin ya baje. Yanzu takardar ɗibar jini tana ninke a jakarta tare da littafin, an riga an ɗebi na lokacin lafiya, na lokacin ciwo muke jira.