Shafin Internet Archive da littattafan ƙarshen shekara na sakandaren ƙauyukan Amurka

Jama'a in kuna son tsohon tarihi ku leƙa archive.org, kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba kafin ka buɗe yawancin tsofaffin littattafan. Brewster Kahle ne ya kafa shi a 1996. Abin da na fi so a ciki shi ne littattafan nan da 'yan sakandare a Amurka ke bugawa duk ƙarshen shekara, hoton kowane ɗalibi da malamai da 'yan wasan makaranta. Laburaren Allen County da ke Fort Wayne ya zuba na jihar Indiyana da yawa a wurin.

Su mutanen Indiyana ƙwallon kwando kamar a jininsu take. Ku duba labarin Milan, wani ɗan ƙaramin gari da duka ɗaliban sakandarensa 161 ne, amma a 1954 suka cinye kofin jiha gaba ɗaya, suka doke Muncie Central mai ɗalibai sama da dubu da ci 32 da 30. Kocinsu Marvin Wood, sannan ɗan wasansu Bobby Plump ya rungume ƙwallo ya tsaya cak fiye da minti 4 yana cin lokaci, sai daga baya ana dab da tashi ya jefa ta shige. Lokacin ba a raba manyan makarantu da ƙanana, kowa da kowa ake haɗawa, sai bayan gasar 1997 aka raba. To irin garuruwan nan da yawansu makarantun ma babu su yanzu, bayan dokar sake tsara makarantun jihar ta 1959 aka yi ta haɗe ƙananan wuri ɗaya, sunan tim ya ɓace, littafin ne kawai ya rage. Shi ya sa wallahi nake ganin aikin nan ba ƙarami ba ne.

Kana buɗewa shafi na juyawa kamar littafi a hannu, kana iya zumin ka ga fuskoki, kana iya rubuta suna ya nemo maka shi a ciki, ko ka sauke PDF. Amma fa tsohon bugu ne, inda tawada ta koɗe injin ba ya karanta sunan daidai, rubutun hannun da abokai ke yi wa juna kuwa sai dai ka bi da ido. Kuma ba kowane gari ne ke ciki ba, ba kowace shekara ba.

Kar ku tsallake shafukan baya, nan tallan shagunan garin suke, mai aski, gidan mai, bankin gari, su ne suka taimaka da kuɗin bugawa. Shawarata ku yi da wayifai ko kwamfuta, don hotunan na cin data sosai, a ƙaramar waya kuma sai ka yi ta zumin. Ni dai na ba shi 4 cikin 5.