exFAT ko NTFS: wanne za ka sa wa kilen USB a Linux?

Ƙanena, tsakanin exFAT da NTFS ɗin da kake tambaya, wato tsare-tsaren ajiye fayil da ake fomate kile da su, sa exFAT ka huta.

Nawa kilen mai giga 32 shekara uku ke nan yana kan exFAT. Da shi nake kai-komo tsakanin kwamfutata mai Ubuntu (wani nau'in Linux) da shagunan buga takardu na wajen Jami'ar Abdou Moumouni, can Harobanda, ƙetaren kogi a Yamai, inda kusan kowa Windows gare shi. A gida ina cusa shi yake buɗewa da kansa, in tarar da shi cikin /media ƙarƙashin sunana. In ƙetare gada, yaron shago ya cusa a tasa, ya fiddo mini takarduna, ba a taɓa yin gardama ba. Bidiyon bikin ƙanwata mai giga 7 ma guda ya haɗiye shi, abin da tsohon tsarin nan FAT32 ba ya iyawa, don shi fayil ɗaya bai wuce giga 4. Tun 2019 da Microsoft ta saki bayanan exFAT aka shigar da shi cikin Linux 5.4, saboda haka daga Ubuntu 20.04 zuwa sama ba sai ka girka komai ba kafin ya karanta. In daga Linux za ka fomate shi, nan ne za ka nemi manhajar exfatprogs.

NTFS kuwa, to, yana aiki. Sau ɗaya na gwada shi, aka ɗauke wuta yana cikin wata Windows, na dawo gida Linux ta ƙi buɗe shi, sai da na sake biyan kabu-kabu na je aka yi masa chkdsk, gyaran faifai na Windows.

Ran da ka cusa ka ga shiru, buɗe Terminal, inda ake rubuta umarni, ka rubuta lsblk. Za ka ga suna irin sdb1. Duba girmansa da kyau, kada ka kama babban faifan kwamfutarka. Sai sudo mount /dev/sdb1 /mnt (ka sa sunan naka a madadin sdb1), kayanka suna cikin /mnt. In ka gama, sudo umount /mnt kafin ka cire shi. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi: Linux takan riƙe abin da ka kwafa a ƙwaƙwalwa, allo ya nuna an gama alhali tana kan rubutawa, kuma exFAT ba shi da rajistar da za ta ceto ka in ka fizge shi a tsakiya. Rediyon mota da tsofaffin talabijin su kam da yawansu FAT32 suka sani, ka ware musu ɗan ƙarami daban.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tebur. Na taɓa ba wani jikka uku a kan kile wai mai giga 128, ledarsa sai ƙyalli. Linux ma 128 ta nuna, don ƙaryar a cikin cikinsa aka rubuta ta. Sai da na zuba hotunan aiki na wata biyu na ga rabi ba sa buɗewa: giga 8 ne tak, sauran iska. Na koma, mutumin ya rantse bai taɓa ganina ba.

Yanzu duk wanda na saya sai na bi shi da f3, manhajar gwada kile. Girka shi da sudo apt install f3, ka sa f3write ya cika kilen, f3read ya karanto, zai gaya maka gigan da ke ciki da gaske. Ka sayi mai 32 ko 64 a shagon da ke da ƙofa da rasit, ka gwada shi a ranar, sannan ka fomate shi exFAT.