Matatar aljihu ta Sawyer Mini: wane ruwa take gyarawa, wane ne ya fi ƙarfinta?

Makiyaya, mafarauta da masu noman rani a Kadawa ko fadamun Haɗeja za su iya amfana da wannan 'yar matatar ruwa. Ba ta kai tsawon tafin hannu da yatsu ba, nauyinta kusan giram 57, kuma tana zuwa da jakar roba mai cin kusan rabin lita, da tsinken zuƙa, da sirinjin wanki. Bakinta na ɗauruwa a kan yawancin gorunan lemo, wanda ya fi jakar ƙwari, don jakar kan fashe a wuya idan ana matsa ta da ƙarfi.

A cikinta akwai siraran zaruruwa masu ƙofofin da faɗinsu maikuron 0.1 ne (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ƙwayoyin kwalara da taifot da ƙwan tsutsar ciki duk sun fi ƙofar girma, sai su maƙale. A ruwan rijiya ko tafkin daji, aikinta ba laifi.

Matsalar tana ga ruwan da ya riga ya yi wani aiki ya fito: na kwata, na masana'anta, da wanda ya wanko gona. Ƙwayar bairos mai kawo shawara ba ta kai maikuron 0.1 ba, wucewa take yi abinta. Abin da ya narke kuwa ko gezau. Ruwan Jakara da ke gangarawa madatsar Wasai a Minjibir, ko na Challawa mai ɗauko dattin kamfanonin jima, zai iya fitowa garau alhali sinadarin kuromiyom mai guba na nan ciki. Haka maganin feshi da takin zamani a magudanar gonakin shinkafa. Tafasawa ma ba ta cire waɗannan. Irin wannan ruwa, a bar shi kawai.

Idan ruwan kududdufi ne ba wani zaɓi, a tace shi da kyalle tukuna, a jefa ɗan alam ko garin 'ya'yan zogale, a bari laka ta kwanta, a tsiyaye na sama a matsa ta matatar. Sannan a tafasa na minti 1 bayan ya fara ɓararraka, ko a sa Aquatabs, maganin tsabtace ruwan sha, ƙwaya mai miligiram 67 a jarka mai lita 20, a jira minti 30.

Laka ce ajalinta. Da ruwa ya koma ɗiga, a cika sirinji da ruwa mai tsabta a tura da ƙarfi ta bakin fita, a maimaita har ya fito fari. Kamfanin na cewa za ta tace galan 100,000, amma ba da ruwan damina mai jan ƙasa ba. In ta faɗi da ƙarfi a kan dutse, zaren na iya tsagewa ba a gani, gara a canza.

Tsargiya kuma ta fata take shiga, don haka a ɗebo ruwan daga gaɓa da guga, kar a tsunduma ƙafa.