Motocin alfarma na yau da za su yi daraja gobe: wacce ya kamata ka saya?

Yawancin motocin alfarma asara ce ga wanda ya saye su sababbi. Mercedes S-Class ko BMW 7 Series kan zubar da rabin kuɗinta ko fiye cikin shekara biyar, in ta kai goma sha biyar kuwa, gyaran shokozoba da na'urorin lantarki kaɗai ya isa ya kori mai ita. Amma kowane zamani yana da 'yan ƙalilan da farashinsu ke sauka ya tsaya, sannan ya fara hawa. Ƙungiyar FIVA, wadda ke kula da harkar tsofaffin motoci a duniya, ba ta kiran mota motar tarihi sai ta cika shekara 30. Ke nan waɗanda aka ƙera daga 2005 zuwa 2024 yanzu suke kan layi, kuma yanzu ne ake iya samun wasunsu kafin masu tara motoci su yi musu caa.

Tsada ba ta cikin abin da ke kai mota wannan matsayi. Maybach 57 da 62 sun fito a 2002 da farashin da ya yi kafaɗa da na Rolls-Royce, aka sayar da kusan 3,000 kacal kafin a daina su a 2012, amma darajarsu ta zube, domin ƙarƙashin adon kowa ya san S-Class ce. Ka kwatanta da BMW 1M Coupe ta 2011, 'yar ƙaramar mota wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin Maybach ba. An yi guda 6,309, duka da giyar hannu, kuma mai tsafta har yau tana kawo abin da aka saye ta sabuwa, wani lokaci ma fiye. Bambancin shi ne 1M tana da abin da ba a sake yi ba. A ganina wannan ne ma'aunin farko: shin motar ita ce auta a jinsinta?

Lexus LFA ta fi kowace mota nuna haka. Guda 500 aka ƙera tsakanin 2010 da 2012, da injin V10 (wato mai silinda goma) mai lita 4.8 wanda Toyota, mai kamfanin Lexus, ta yi tare da Yamaha, mai juyawa har 9,000 a minti. Da aka sa mata dalar Amurka 375,000 mutane suka yi ta tsaki, wai wa zai biya haka don Lexus, har wasu suka yi shekaru a shagunan dillalai ba mai saye. Yau sai ka ninka wancan kuɗin kafin a saurare ka a wurin gwanjo. Ita kam ta riga ta wuce, na kawo ta ne don a ga abin da ake nema: injin da ba turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), ƙara mai daɗin ji, adadi kaɗan, da kamfanin da bai maimaita ba.

Cikin waɗanda har yanzu hannu ke kaiwa, Audi R8 ta farko (2007 zuwa 2015) ce ta fi jan hankalina, amma mai giyar hannu. Sandar giyarta na tafiya cikin faranti na ƙarfe mai tsaga-tsaga, kowane canji sai ka ji ƙas. Da aka fito da zubi na biyu a 2015 aka cire giyar hannu gaba ɗaya, a 2024 kuma aka daina R8 ɗin kanta. Mai V10 ta fi ƙaranci kuma ta fi tsada. Mai V8 lita 4.2 ta fi sauƙin samu, wasu ma sun fi son yadda take shiga kwana. Wadda za ka kauce wa ita ce mai giyar R tronic mai canja kanta ta shekarun farko, tana fizga a cunkoso, kuma masu saye ba sa rububinta. Ka sa a duba shokozobanta, suna yawan yoyo, ba su da araha.

Mercedes SLS AMG (2010 zuwa 2014) ta fi R8 kama ido, da ƙofofinta masu buɗewa sama irin na 300 SL ta 1954, da injin V8 mai lita 6.2. Ita ce motar farko da AMG, sashen Mercedes mai yin motoci masu gudu, ya tsara tun daga tushe, magajiyarta AMG GT kuwa ta zo da turbo da ƙofofi na yau da kullum. Matsalar ita ce kasuwa ta riga ta farga, farashinta bai taɓa yin wata faɗuwar kirki ba. Haka Ferrari 458, wadda ita ce ta ƙarshe mai V8 a tsakiya ba turbo kafin 488 ta zo a 2015. Dukansu biyun za su riƙe daraja, ba na shakka, sai dai mai saye a yau ya riga ya biya wani kaso na ribar gobe.

Batun Porsche yana bukatar natsuwa. 911 ta zubin 997 ita ce ta ƙarshe mai sitiyarin mai, daga zubin 991 da ya biyo ta aka koma na lantarki, kuma jikinta bai kai faɗin na yanzu ba. A cikin 997 ɗin ma akwai rabe-rabe. Carrera ta kafin tsakiyar 2008 tana da wani boris a cikin injin, wanda ake kira IMS, da kan lalace ya tafi da injin duka, ga kuma karcewar cikin silinda. Daga tsakiyar 2008 aka sauya injin, babu wannan boris ɗin. Idan Carrera za ka saya, ƙara kuɗi ka ɗauki ta bayan sauyin, da giyar hannu. GT3 kuma, wato 911 ɗin da aka tsara don filin tsere, wani aji ne daban, GT3 RS 4.0 ta 2011 guda 600 ce a duniya.

Sai dai Porsche ce ta koya wa 'yan kasuwar mota darasi mai zafi. A 2016 ta fitar da 911 R, guda 991, da giyar hannu da injin lita 4. Kafin a ce kwabo masu sarin mota sun ninninka farashinta. Shekara ɗaya bayan nan kamfanin ya fito da GT3 Touring, kusan abu ɗaya, ba tare da ƙayyade adadi ba, farashin 911 R ya sauko, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka ji a jikinsu. Muddin kamfani yana iya sake yin abu, ƙarancinsa ba abin dogaro ba ne.

Wadda nake ganin mutane sun fi rainawa ita ce Lexus LC 500. Ta fito a 2017, buɗaɗɗiyar ta biyo a 2020, tana da V8 lita 5 ba turbo, a lokacin da takwarorinta na Jamus duk suka koma turbo. Ba ta fi su gudu ba, tana da nauyi, allon kwamfutarta na shekarun farko abin haushi ne. Amma sura ce da ba ta tsufa, ba ta yi kasuwa sosai ba, don haka ba ta cika titi ba, kuma injin Toyota ne da ba ya kwana a gareji. Mai V8 nake nufi, ba LC 500h mai haɗin batir ba. Wanda yake son motar da zai hau kullum kuma ya ajiye, nan zan tura shi.

Akwai rukunin da ke da arha wajen saye da tsada wajen riƙo. BMW M5 ta 2005 zuwa 2010 mai V10, da M3 mai V8 ta 2007 zuwa 2013, babu irinsu kafin su, babu bayansu. Dukansu suna cin boris ɗin ƙasan injin, M5 ɗin ga rigimar giyarta mai canja kanta, wadda ake kira SMG. Mercedes C63 mai lita 6.2 ta ƙara farin jini tun da aka mayar da sabuwar C63 silinda huɗu, amma na farkon suna da matsalar ƙusoshin da ke ɗaure kan injin. Waɗannan an yi su da yawa, don haka ba kowace ce za ta yi daraja ba, sai wadda ba a taɓa ba, mai takardun gyara cikakku. Araha ba ta ado a nan: wadda ta fi sauƙin kuɗi a talla galibi ita ce za ta fi cin aljihu.

Manyan motocin Ingila ban cika sa rai da su ba. Bentley Continental GT ta farko an yi ta da yawa, gyaranta kuma sau da yawa sai an sauke injin. In dole ne, Mulsanne ta fi, domin da ita aka rufe V8 mai lita 6.75 a 2020, injin da asalinsa ya koma 1959. Aston Martin V12 Vantage ta 2009 mai giyar hannu ita ma tana da hujja mai ƙarfi.

Motocin lantarki fa? Tesla Roadster ta farko, kusan guda 2,450 daga 2008 zuwa 2012, tana da matsayi saboda ita ta buɗe ƙofa. Sauran kuwa, batir yana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa, kuma sabon zubi kullum yana fin na baya ta kowace fuska. Bakanike zai iya tayar da injin 1960 da kayan aikin hannu. Motar da rayuwarta ta rataya a kan manhajar kamfani sai abin da kamfanin ya ga dama.

Ko wacce ka zaɓa, takardu sun fi ƙarancin kilomita muhimmanci. Motar da ta yi shekaru a tsaye robobinta sun bushe, ta fi wadda ake hawa ana yi mata sabis haɗari. Ka nemi fentin asali, ƙafafun asali, salansar asali. In an sauya wani abu, a ba ka na ainihin a kwali. Ka biya ƙwararren da ya san wannan samfurin ya duba ta a kan na'urar ɗagawa, ya karanta kwamfutarta, a Porsche mai giyar hannu ma kwamfutar tana ajiye tarihin duk lokacin da aka wuce da injin iyaka. Sannan ka lissafa inshora, wurin ajiya, tayoyi da sabis na shekara goma, ka ɗora a kan kuɗin saye, kafin ka kwatanta da abin da kake fatan sayarwa. A mafi yawan waɗannan motoci lissafin zai nuna ka hau kyauta ko ka yi 'yar asara. Masu kawo riba ta gaske irin LFA ba su da yawa.